Ranar da Kwalekwalen Kawu Ya Ƙi Tsallake Kogi

Ni ce na yi alkawarin da bakina, shi ya sa abin ya fi tsaya mini a rai fiye da kowa.

Lokacin da muka tashi neman kuɗin karo-karo a intanet don mu haɗa wasanmu na kwamfuta, Yaya ya ce shi ba zai tsaya gaban kyamara ba, wai muryarsa rawa take yi. Anti, matarsa, ta ce ita malamar makaranta ce, ba za ta bari ɗalibanta su gan ta tana roƙo ba. Sai aka waiwayo kaina, auta, wadda ba ta da bakin musu. Aka zaunar da ni a kujerar roba, aka jingina waya da gwangwanin madara, na dubi duniya na ce, "Duk wanda ya taimaka mana, in wasan nan ya fito nasa ne. Ba kwaɗo, ba makulli. Ba sai mutum ya nemi izininmu ba kafin ya buɗe abin da ya saya da guminsa."

Ga wanda bai san harkar ba, kwaɗo a wurinmu shi ne ɗan tsaron da ake dasawa cikin wasa don kada a kwafe shi a raba kyauta. Kafin wasan ya buɗe sai ya leƙa intanet ya tambaya ko an biya. Masu satar fasaha kan fasa shi cikin 'yan kwanaki su ci gaba da sha'aninsu, wanda ya biya kuwa shi ne zai zauna yana kallon "dakata kaɗan" duk ranar da netwok ya yi gardama. Wannan shi ne ra'ayina, shi ne kuma na Anti. Yaya kuwa nasa daban. Ya taɓa yin wani ɗan ƙaramin wasa shi kaɗai, ya wayi gari ya tarar ana tura wa mutane shi a rumfar masu cajin waya, an ma goge sunansa an sa na wani. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Mun sha musu a kan maganar nan har Anti ta taɓa kwana biyu ba ta ce masa uffan ba sai ta bakina. A ƙarshe biyu suka rinjayi ɗaya, ya ce ya haƙura, kuma muka yarda ya haƙura ɗin.

Wasan labarin wani tela ne da ambaliya ta tafi da keken ɗinkinsa, ya bi ruwa gari-gari yana nema. Ba harbi, ba tsere. Yawo ne da tambaya da tsince-tsince: ka sami almakashi a nan, ka kai wa wani a can, shi kuma ya buɗe maka ƙofa. Anti ke rubuta labarin da duk wata sarƙaƙiya da ke cikinsa, tana shigar da su da kanta. Yaya ke haɗa injin abin. Ni kuwa aikina mutane ne. Shekara biyu ina amsa saƙonnin waɗanda suka zuba mana kuɗinsu a zauren hira na intanet da muka buɗe musu, ina ba su haƙuri duk lokacin da muka ɗaga ranar fitowa, kuma mun ɗaga ta har na daina jin kunya. Hotona ne a kan shafin. Duk abin da aka rubuta da sunan ƙungiyarmu, fuskata ce ke murmushi a gefensa.

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman shagon mai gyaran waya. Tebur biyu, fanka mai kukan tsohuwar ƙofa, da taga mai kallon wurin wankin mota. A kusurwa mun manna kwalayen ƙwai a bango, nan muke ɗaukar murya.

Da asuba Yaya ya saki wasan. Anti ta tafi makaranta tsaron jarrabawa, inda dole ta kashe waya. Ni kuma na biya gidan waya na aika wa masu karo-karo rigunan da muka yi musu alkawari, ban iso ofis ba sai da hantsi. Tun daga matattakala na jiyo dariyar Yaya, irin wadda yake yi in ya ci mutum a dara.

"Auta, zo ki ga kifi ya shiga koma," in ji shi.

Na ajiye jaka na leƙa. Wani ne ya rubuta a zaure: "Mai kwalekwale ya kai ni tsakiyar kogi ya juyo da ni. Ya ce wai yau ba ranar tsallakewa ba ce. Na sake gwadawa, haka dai. Wasan ya lalace ne?" A ƙarƙashinsa ga amsa, ga fuskata tana murmushi a gefe: "Kwafin sata ne kaɗai ke da wannan matsalar. Ka biya sai ka tsallake. Ɓarawo ba ya hawa jirginmu."

"Yaya, mene ne wannan?"

Sai ya gyara zama ya shiga bayani yana shafa gemu, sai ka ce wanda ya gano maganin sauro. Ashe kwafi biyu ya haɗa. Na gaskiya ya aika wa masu karo-karo da masu saye. Na biyun shi da hannunsa ya ɗora a shafukan ɓarayi, kafin su sata ya riga su. Komai nasa daidai yake da na gaskiya har zuwa bakin kogi, rabin wasan ke nan. Daga nan mai kwalekwale zai ta juyowa da mutum har ranar da ya gaji. Akwai wani tsohon yanki da muka taɓa ɗauka na juyowar jirgi, aka fasa amfani da shi tun bara, shi ya tono ya yi tarkonsa da shi. Saboda haka duk wanda ya zo yana kukan an juyo da shi, ya tona asirin kansa da kansa.

"Mun yi alkawari ba kwaɗo," na ce.

"Ina kika ga kwaɗo? Kwaɗo daban, tarko daban. Wanda ya biya ko ƙyallinsa ba zai gani ba."

"Anti ta sani?"

Ya kau da kai ya ce fankar nan tana bukatar mai.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma gaskiya a lokacin fushina na shiga shafina ba izini ne, da kuma kalmar "ɓarawo" da aka liƙa wa hotona. Na ja kujera na karɓe linzamin kwamfutar daga hannunsa don in ga iya ɓarnar. Mutum uku ya amsa wa. Na farko da na biyu ban san su ba, sababbin shiga ne. Sai na ga sunan ta uku.

Nas ce. Haka take kiran kanta a zaure, haka kowa ke kiranta. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin yara, kuma tana cikin mutanen farko da suka ba mu kuɗi, tun ba mu da komai sai zanen tela a takarda. Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma ta fi wasu dangina sanin halin da nake ciki. Duk ranar da na fito na ce an sake ɗagawa, masu zagi na zagi, ita sai ta rubuto, "Ku yi a tsanake, sannu ba ta hana zuwa." Ranar da na yi kuka saboda wani ya ce mun cinye kuɗin mutane, ita ta nemi lambata ta kira ni a lokacin hutunta, ta ce in wanke fuska in sha shayi. Ita ce yau ta rubuta, cikin ladabi kamar kullum, cewa jirgi ya juyo da ita. Ita ce hotona ya ce wa ɓarauniya a gaban kowa.

"Yaya, wannan ai Nas ce. Ni da hannuna na tura mata nata."

"To wataƙila ta ga na ɓarayin ya fi saurin sauka."

"Nas? Ka ji tsoron Allah."

Sai ga wani saƙon ya shigo. Sai wani. Sai wani kuma. Duk magana ɗaya ce, jirgi ya juyo. Kuma kusa da sunan kusan kowannensu akwai ɗan tauraron da muke sa wa masu karo-karo. Na ga dariyar ta bushe a fuskar Yaya. Ya matso da kujera, ya karanta, ya sake karantawa, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ba dai musanya su na yi ba," ya faɗa a hankali, ba da ni yake ba.

"Kamar yaya musanya?"

"In ba wa ɓarayi na gaskiyar, in aika wa mutanenmu mai tarkon."

In haka ne, duk wanda ya yarda da maganata ya ba mu kuɗinsa, mun saka masa da rabin wasa, mun kuma tanadar masa sunan ɓarawo in ya buɗe baki. Na ce ya duba mana. Ya ce fayil biyun kusan suna ɗaya ya sa musu, kuma ya goge mai tarkon daga kwamfutarsa tun da asuba don kada Anti ta gani. Na ce ya sauko da na shafin ɓarayin ya gwada su. Ya sauko da shi, ya tarar har sun sake masa riga, sun cusa tallace-tallacensu, gwadawar ba ta nuna komai ba. Hanyar da yake bi ya yi tsalle zuwa duk inda ya so cikin wasa kuwa, ya cire ta kafin a saki. Abu ɗaya ya rage. Mu sauke wanda aka aika wa masu karo-karo, mu buga shi tun daga farko har kogi, mu gani da idonmu.

Ban taɓa tsanar wasanmu ba sai ranar. Abin da muka yi shekara biyu muna yi wa ado don mutum ya bi shi a hankali, yau ga mu muna bin sa da gudu kamar masu gudun ruwan sama. Yaya ke riƙe da linzami, ni ina tsaye a kansa. Duk wanda tela ya haɗu da shi, da ya buɗe baki Yaya zai danna maɓallin wucewa. Mai kanti, wuce. Tsohuwa mai kyanwa, wuce. Muka maƙale a kasuwa don mun manta inda almakashi yake.

"A ƙarƙashin benci yake," na ce.

"An ɗauke shi daga nan tun bara! Matar nan ba ta barin abu inda aka ajiye shi. A gida ma haka take yi mini da caja."

"To ka tambayi mai kanti mana, ai shi ke faɗa."

"Ba ni da lokacin surutunsa!"

Sai da muka koma muka saurari mai kantin kafin muka gano almakashin yana cikin bokitin mai wankin tagogi. Ni kuma ina leƙa zaure ta wayata, ina ganin wuta na ci. Wasu na cewa Allah ya ƙara, ɓarawo ba shi da bakin kuka, dama ya kamata a sa kwaɗo tun farko. Wasu na cewa su sun biya kuma an juyo da su, to su ma ɓarayin ne? Wani ya tono bidiyona na farko ya manna, ya rubuta a ƙasa, "Alkawari kaya ne." Wani mai dogon bayani ya ce tarko ma kwaɗo ne, sai dai shi ba ya faɗa maka an kulle ka. Na goge amsoshin Yaya uku, amma an riga an ɗauki hotonsu. Nas kuwa ba ta ƙara cewa komai ba, kuma shirunta ya fi duk zagin yi mini ciwo.

Rana ta take tsaka muka isa bakin kogi. Ga ruwa, ga kwalekwale, ga tsohon mai jirgi da malafarsa. Tela ya shiga ya zauna. Jirgi ya tashi, tsoho ya buɗe baki zai fara magana, Yaya ya danna wuce, ya danna, ya danna. A tsakiyar ruwa tsohon ya tsayar da filafili, ya dubi tela, ya ce, "Yau ba ranar tsallakewa ba ce." Ya juya kan jirgi ya mayar da mu inda muka fito.

Ana jin ƙarar ruwan masu wankin mota ta taga. Yaya ya sake gwadawa, aka sake juyowa da mu. Ya saki linzamin, ya dafe kai da hannu biyu. Na so in zazzage masa duk abin da ke cikina, in ce masa dama an ce in za ka gina ramin mugunta ka gina shi gajere. Amma da na ga yadda kafaɗunsa suka zube, sai na kasa. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba.

"Zan gyara," ya ce da ƙyar. "Zan sake aika musu na gaskiyar."

"Fayil za ka gyara. Ni da wane ido zan dube su?"

Na zauna a ɗaya teburin na fara rubuta saƙon ban haƙuri. Na rubuta "'Yan'uwa masu karamci," na goge. Na rubuta "Mun yi kuskure," na tsaya ina kallonsa. Ina cikin haka muka ji takun sanda a matattakala, da muryar da ba ta bukatar lasifika.

"Ina ja'iran yaran nan? An ce yau na fito a kwamfuta, ba wanda ya ko kira ni!"

Kawu ne, yayan mahaifiyarmu, tsohon direban bas da ya yi ritaya ya bar tuƙi amma bai bar labari ba. Shi ya yi mana muryar mai kwalekwale. Ranar ɗauka layi huɗu aka ba shi ya karanta. Ya karanta ɗaya, ya ajiye takardar, ya kama ba da labarin ranar da birki ya tsinke masa a gangare, sai dai ya mayar da bas ɗin jirgin ruwa. Ba wanda ya iya tsayar da shi. A gidanmu an san in Kawu ya ce "wato a shekarar nan," sai kowa ya tuna yana da wanki a waje.

Muka gaishe shi jiki a sanyaye. Na ba shi kujerata. Ya sa sabuwar riga har da turare, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Kawu. 'Yar matsala ce ta aiki."

"To matsalarku ta jira. Ni motar haya biyu na hau na zo in ji muryata. Kunna mini."

Yaya ba shi da ƙarfin musu. Ya sa tela ya sake shiga jirgi. Tsohon cikin wasa ya gyara murya ya ce, "Wato a shekarar nan da ruwa ya yi ruwa..." Yatsan Yaya ya tafi kan maɓallin wucewa da kansa, don sabo. Kawu ya kai masa sanda a bayan hannu.

"Kai! Uban wa ya ce ka katse ni? A gida ku katse ni, a kwamfuta ma ku katse ni? Cire hannunka."

Yaya ya cire hannu ya rungume su a ƙirji. Muka zauna dole muna sauraro. Tsohon mai jirgi ya ba da labarin yadda ya ɗauko fasinja fiye da kima, har da mai ɗauke da madubin sif da wata mata mai agwagi biyu. Ya faɗi yadda igiyar ruwa ta fizge su, yadda mai madubi ya riƙa salati yana kallon fuskarsa a ciki. A wani wurin Kawu ya manta a jirgi yake, ya ce, "Na taka birki, na ji wayam." Kawu na gaske ya buga cinya yana dariya har da hawaye, yana cewa, "Wallahi haka aka yi!" Ni kuwa idona na kan waya, ina tunanin abin da zan ce wa Nas. Labari ya yi tsawo, ya yi reshe, ya dawo. Agwagi suka tsira, madubi ya fashe, mai shi ya ce sai an biya shi.

Sai na ji tsohon ya yi shiru. Na ɗaga kai. Jirgi na tsakiyar kogi, daidai inda yake juyawa. Tsoho ya dubi tela ya ce, "Ka ga, ɗana, kai ne mutum na farko da ya bar ni na kai ƙarshe. Riƙe gefen jirgi da kyau." Ya tsoma filafili, jirgi ya miƙe gaba. Ga ɗaya gaɓar tana matsowa, da bishiyoyinta da ɗan shagon mai shayi da abokin Yaya ya zana mana tun bara. Tela ya taka ƙasa.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Yaya ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"Wannan layin na ƙarshe," ya ce, "yaushe aka ɗauke shi? Ba a ɗakin nan ba."

"Ai matarka ce ta zo gida watan jiya ta ɗauka a wayarta," in ji Kawu. "Ta ce duk wanda ya katse ni ba zai tsallake ba. Na ce Allah ya yi mata albarka, ita kaɗai ce mai hankali a cikinku. Na ɗauka kun sani."

Sai komai ya fito fili. Ba a musanya komai ba. Na gaskiyar ne a hannun mutanenmu, cikakke, ba tarko ba kwaɗo. Anti ce ta ga labarin Kawu ya yi mata daɗi, ta tono tsohon yankin juyowar jirgi ta mayar da shi sarƙaƙiya, wadda maganinta kawai ka yi shiru ka saurari tsoho. Yaya bai gani ba don kullum tsalle yake yi ya wuce kogin in yana gwaji. Ita kuma ba ta san ya tono yanki ɗaya da ita ya yi tarko ba. Miji da mata, gado ɗaya, kowa ya ɓoye wa ɗan'uwansa abin da yake yi da kwalekwale ɗaya.

Na zauna a ƙasa, a kan siminti, na yi ajiyar zuciyar da na ji ta har yatsun ƙafata. Sai dariya ta ƙwace mini, sai kuka ya biyo ta, na rasa wanne nake yi. Yaya na ta maimaita "Alhamdu lillahi" yana goge gumi da hular Kawu, bai ma san ba tasa ba ce. Kawu ya fizge abarsa ya ce a sake kunna masa daga farko.

Da aka tashi daga jarrabawa Anti ta kunna waya ta ga zaure. Ta kira Yaya. Ban ji abin da ta ce ba, na dai ga ya fita baranda yana "E. E. Haka ne. Na ji. E." Da ya dawo ya zauna ya buɗe sabon shafi da sunansa da hotonsa, ba nawa ba, ya rubuta duk abin da ya yi bai rage komai ba. Ya ce shi ya rubuta amsoshin nan uku, ba ƙanwarsa ba. Ya ce mutum biyun farko har gobe bai san ko saye suka yi ko sata ba, kuma tunda ba zai iya bambancewa ba, ba shi da hurumin zagin kowa, ya aika musu na gaskiyar. Musu bai mutu ba, don masu son kwaɗo da masu ƙinsa sun ci gaba da fafatawa har yamma, wasu ma na cewa tarkon ya burge su. Amma zafin ya sauka, har wani ya tambaya ko za a sayar da riga mai hoton agwagin nan biyu.

Saura Nas. Ita ba a zaure zan ba ta haƙuri ba. Na sauka ƙasa, na tsaya a inuwar shagon mai gyaran waya, na kira ta. Wayar ta daɗe tana ƙara har na fid da rai, sannan aka ɗauka.

"Na ga abin da yayanki ya rubuta," ta ce, ko gaisuwa babu.

"Don Allah ki yafe mana. Wallahi da na..."

"Tsaya. Kin san ni da makullin ɗakin magani nake yawo a aljihu? Shekara da shekaru, ko ƙwayar ciwon kai ba a taɓa nema an rasa a hannuna ba. Yau na sauka daga aiki, ko barci ban yi ba na kunna wasanku, don na daɗe ina jiransa. Sai ga fuskarki tana ce mini ɓarauniya. Ba zagin ne ya dame ni ba. Cewa na yi, ashe yarinyar nan ba ta san ni ba."

Na ce, "Na san ki. Da na ga sunanki na san ba daidai ba ne, tun kafin mu gano komai."

Ina jin motsin cokali a kofi ta cikin wayar.

"Kin ce haka? A gabansa?"

"Na ce masa ya ji tsoron Allah."

Sai ta yi 'yar dariya, gajeriya, ta gajiyayyen mutum.

"To shi wannan tsoho mai taurin kai," ta ce, "yaya ake yi da shi?"

"Abu ne mai sauƙi. In kin shiga jirgin, sai ki..."

"A'a! Kar ki faɗa mini. Shekara biyu ina jira, ba za ki ɓata mini shi a waya ba. Abu ɗaya kawai nake so in ji daga bakinki, ba daga na yayanki ba. Wanda kika turo mini, ana tsallakewa?"

"Ana tsallakewa."

"To shi ke nan," in ji ta. "Bari in yi barci tukuna. In na tashi zan koma wurinsa."